Ta-Faɗi

Ƙarfe bakwai na safe Yaya Babba yake zuwa gaida Baba. Ba ya shiga ɗakin. A bakin ƙofa yake tsayawa, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, ɗayan riƙe da makullin mota, ya ce ya jiki, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ya dubi ƙanwarsu ta ƙarshe ya tambaye ta ko akwai abin da ake buƙata. Kafin ta buɗe baki ya kai tsakar gida. Wata bakwai ke nan ana haka, tun ranar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, aka dawo da shi daga asibiti aka kwantar a ɗakin ƙurya.

Da can Auta ake ce mata. Yanzu sunanta Ta-Faɗi. Yaya Babba ne ya raɗa mata shi cikin raha, ranar da sakamakon makarantar koyon jinya ya fito. Ta ci duk takardun rubutu, ta faɗi gwajin gefen gado. Abin da ya kayar da ita bai kai minti ɗaya ba. Ta gama wanke ciwon majiyyacin da aka ba ta tsaf, sai ta ga bandeji bai ishe ta ba, ta juya ta tafi ɗauko wani. Ta bar ƙarfen gefen gado a sauke, ba ta kuma ce wa kowa ya tsaya mata ba. Sista mai jarrabawa ba ta ɗaga murya ba. Rufe alƙalaminta kawai ta yi, ta ce da ita ba a juya wa majiyyaci baya sai an miƙa shi hannun wani, wanin kuma ya ce ya karɓa.

Kwana goma sha ɗaya da fitowar sakamakon ciwon Baba ya same shi.

A falo aka yi zaman, 'ya'yansa su huɗu da matar Yaya Babba, wadda suke ce wa Anti. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, don haka tambayar ɗaya ce: wa zai zauna da shi? Ba a daɗe ana neman amsa ba. Yaya Babba yana da shagon bulo da siminti. Yaya Tela, yayarsu mace, tana gidan mijinta can ƙarshen gari da yara da ɗinkin mutane. Yaya Ƙarami yana tuƙa motar wani kamfani. Duk idanu suka koma kan wadda ba ta da inda za ta je da safe. Yaya Babba ya ce dama Allah ba ya yin abu a banza, ga shi ya kayar da ita daidai lokacin da gida yake buƙatar mai jinya. Aka yi dariya. Ya ce na wata ɗaya ne, kafin a tsara.

Likita ya ce a ɗan ɗaga wajen kan gadon don kada Baba ya sarƙe idan ana ba shi abinci. Yaya Babba ya waiga cikin ɗakin, ya ga manyan littattafanta huɗu a kan tebur, ya ɗaga gadon ya tura biyu ƙarƙashin wannan ƙafa, biyu ƙarƙashin waccan. Ya ce gobe zai sa a shigo da bulo. Ranar ce ta ƙarshe da ya taka cikin ɗakin. Bulon kuwa suna nan jibge a bayan gida, ragowar wani gini, sai dai mutum ɗaya ba ya ɗaga gado da majiyyaci a kai kuma ya zaro littafi.

Aikin ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Wanda ba ya iya motsa kansa sai an juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta gadon baya ta mutu, gyambo ya buɗe. Auta ta maƙala agogon ƙirjinta na makaranta a jikin rigar gida. Ta juya shi hagu, ta mayar da shi rigingine, ta juya shi dama, ta tokare da matashi. Ta wanke shi, ta shafa masa mai, ta sa masa fo ta fitar, ta canza zanen gado yana kwance a kai, ta ba shi abinci cokali-cokali tana jiran ya haɗiye. Gadon gida ba shi da ƙarfen gefe, sai ta jingina kujeru biyu a jikinsa. Ko banɗaki za ta je sai ta gyara kujerun, ta kira Anti ta tsaya mata a ƙofa. Anti takan ce tana zuwa. Komai Auta ta yi sai ta rubuta a wani littafi mai shuɗin bango: lokaci, ɓangaren da ta juya shi, abin da ya ci, awon jininsa. Babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ya taɓa buɗewa.

Wata ɗaya ya zama uku. Bayan hannuwanta ya tsattsage saboda ruwa da sabulu. Rigunanta suka soma yi mata yawa. Wata rana ta sunkuya ɗaga Baba, ƙugunta ya ƙame, ta yi kwana huɗu tana tafiya a karkace tana dafa bango, juyin awa biyu kuma bai tsaya ba ko sau ɗaya. Anti ta gan ta a haka ta ce yaran yanzu ba su da ƙashi.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne a unguwar ba a ɗauke ta wadda ba ta iya ba. Ɗan Anti ya yi zazzaɓi, a kira Ta-Faɗi ta duba. Maƙwabciya tana jin jiri, Anti ta kawo ta har ƙofar ɗakin, Ta-Faɗi ta auna mata jini. Mijin Yaya Tela ya yanke a ƙafa, aka turo hoto ta waya ana tambayar abin da za a sa. Iyawarta suke amfani da ita, faɗuwarta suke kiranta da ita, ba wanda ya ga wani abu a ciki.

A wata na uku Baba ya soma ƙoƙarin magana. Da ƙyar kalma ɗaya take fita, ita ma a rabe. Ranar wata Asabar Yaya Tela ta zo dubiya, tana zaune a bakin kujera da mayafinta a hanci, Yaya Ƙarami yana tsaye a waje yana latsa waya. Baba ya kafe Auta da ido, bakinsa ya karkace, ya ce:

"Ta... fi."

Yaya Tela ta tafa hannu. Ta ce ku zo ku ji, Baba ma ya kama sunan, Ta-Faɗi yake so ya ce, harshen ne ba ya iya ɗaga tsakiyar. Yaya Ƙarami ya leƙo yana dariya. Da yamma labari ya kai ga Yaya Babba, ya ce ai shi ke nan magana ta ƙare, mutum da bakinsa ya zaɓi mai jinyarsa.

Auta ta miƙe. Ta kwashe zannuwan gado ta tafi bakin famfo, ta yi ta cuɗa su har bayan hannunta ya yi jini. Na 'yan'uwanta ta saba da shi. Amma Baba, wanda ya raka ta makarantar nan ranar farko ɗauke da akwatinta, shi ma da wannan sunan zai kira ta? Daga ranar kuwa kusan kullum sai ya faɗa. Tana ninke kaya ya faɗa, tana duba tsofaffin takardunta ya faɗa. Takan amsa da na'am, ta gyara masa matashi, ba ta kallon idonsa.

A ƙarshen wata na shida saƙo ya shigo wayarta daga makaranta. Waɗanda suka faɗi gwajin gefen gado an ba su dama ɗaya. Za su koma ɗakin majiyyata su yi mako huɗu suna kwana a makaranta, sannan a sake gwada su. Farawa ranar Litinin ta farkon wata, ƙarfe takwas na safe. Wanda bai zo ranar ba an cire sunansa, shekara ukun da ya yi sun tafi ke nan. Ta karanta saƙon sau biyu a tsaye, ta ƙidaya, saura mako uku.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, kamar mai roƙon abin da ba nata ba.

Yaya Tela ta ce wallahi da tana da hali da ita za ta zauna, amma ɗinkin mutane ya yi mata yawa, kuma maigidanta ba ya son ya dawo bai same ta ba. Ta ƙara da cewa jinyar mahaifi lada ce, mutane nema suke ba su samu ba, Auta ta gode wa Allah da ya ba ta ita kaɗai. Auta ta ce ai ladar tana da yawa, za ta isa a raba. Yaya Tela ta ce bakinta ya soma tsawo.

Yaya Ƙarami ya ce shi matsalarsa zuciya. Ba ya iya ganin Baba a haka, in ya shiga ɗakin sai ya yini bai ci abinci ba. Ba kowa Allah ya ba ƙarfin hali irin nata ba.

Anti ta ce suruki ne, akwai kunya tsakani, ta yaya za ta buɗe masa jiki? Auta ta ce to ba shi abinci fa, da tsayuwa a ƙofa? Anti ta ce bayanta ita ma ba lafiya ne da shi ba, shiru kawai take yi.

Yaya Babba ya saurare ta har ƙarshe, a tsakar gida, yana kaɗa makulli. Ya ce ta kwantar da hankalinta za a duba. Bayan mako ɗaya ta sake tare shi, ya ce yana sane. Bayan wasu kwanaki ta sake, sai ya juyo gaba ɗaya.

"Ke Ta-Faɗi, bari in gaya miki gaskiya tunda kowa yana jin nauyinki. Lokacin da kike da littattafai da malamai da barci isasshe kin faɗi. Yanzu da kika yi wata bakwai ba ki buɗe littafi ba za ki ci? Ki je ki sake kwaso mana abin magana, Baba kuma a bar shi da wa? Ba ki ji ke yake kira ba?"

"Littattafan suna ƙarƙashin gado, Yaya. Kai ka sa su."

Ya ce ba zai tsaya musu da yarinya ba, ya shiga mota.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Litinin ɗin, da hantsi, tana ba Baba shayi. Ta saba yi masa tambayoyi ƙanana don harshensa ya motsa, kamar yadda aka koya musu. Ta ɗaga cokalin sukari ta ce da yawa ko kaɗan?

"Ka... ɗan," in ji Baba.

Ta zuba, ta juya, ta kai kofin bakinsa. Sai hannunta ya tsaya. Kaɗan. Ya sha faɗar wannan kalmar, ita ce ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba. Harafin da aka ce harshensa ba ya iya ɗagawa ga shi nan a tsakiyarta, ya fita sarai. Ta ajiye kofin a ƙasa. Ta ce ya ce ɗaki, ya ce ɗaki. Ta ce ya ce daɗi, ya ce daɗi. Ta durƙusa daidai fuskarsa, ta yi masa tambayar da wata huɗu ba wanda ya yi masa, har ita.

"Baba, wace ce ni?"

"Au... ta."

Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna agogon da ke ƙirjinta, ya nuna ƙofa. Idonsa ya cika da ruwa, amma muryar ta fita da ƙarfi, irin ta lokacin da yake korarsu makaranta da safe.

"Tafi."

Ta daɗe a durƙushe. Wata huɗu mutumin nan yana kwance yana jin duk abin da ake cewa a kansa, yana tattara ƙarfinsa ya sallame ta, su kuma suna ɗaukar sallamar suna ɗaure ta da ita. Ita ma ta ji abin da suka ce ta ji. Ta share masa ido da gefen zane, ta share nata.

"Zan tafi, Baba. Amma ba irin tafiyar da ta kayar da ni ba. Sai na miƙa ka."

Ranar Juma'a ta sayi sabon littafi ta kwafe duk abin da mai jinya yake buƙatar sani, da manyan haruffa: yadda ake juyi, inda ake sa matashi, wane magani da wane lokaci, wuraren da ake dubawa a fata, abin da in an gani a kira likita. Ta zana jadawali na mako huɗu da sunaye huɗu, ta manna a bangon ɗakin, ta ɗauki hotonsa ta tura wa kowa. Yaya Tela ta gani ba ta amsa ba. Yaya Ƙarami ya turo hoton fuska mai dariya. Ranar Lahadi ta je bayan gida ta ɗauko bulo biyu, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a hanya saboda ƙugunta, ta wanke su ta ajiye a gefen gado. Ta ciro farin kayanta daga jaka ta goge.

Litinin da safe ta yi wa Baba wanka da wuri, ta ba shi abinci da magani, ta rubuta. Ta sa farin kayan, ta ɗora doguwar riga a kai. Ƙarfe bakwai Yaya Babba ya dafa ƙyaure ya ce ya jiki, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tambaya ko akwai abin da ake buƙata.

"Akwai, Yaya. Ga bulon da ka ce za ka kawo. Ɗaga min gadon in sa."

Ta faɗa kafin ya juya, kuma Anti tana tsakar gida tana ji. Ya dubi agogonsa, ya sa makulli a aljihu, ya cire takalmi ya shigo. Ya ɗaga gadon yana nishi, ta zaro littattafan huɗu, ta tura bulon. Bangon littattafan ya lotse, shatin ƙafar gado ya zauna a jikinsu. Ta kaɗe su ta sa a jaka. Sannan ta ce tunda ya shigo ya taimaka ya riƙe mata Baba ta ja zane. Ta nuna masa inda zai sa hannu, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Suka juya shi ɓangaren hagu, nauyinsa duka ya koma hannun Yaya Babba.

Ba ta ja zanen ba, don a gyare yake. Ta miƙe tsaye, ta cire doguwar rigar, ta buɗe littafin nan mai shuɗin bango, ta soma karantawa da muryar da ake miƙa aiki da ita a asibiti. Majiyyaci ya ci rabin kofi ƙarfe shida da rabi. Ya sha maganin safe. Awon jininsa daidai. Fatarsa lafiya, babu gyambo ko ɗaya, wata bakwai. An juya shi hagu ƙarfe bakwai, juyi na gaba ƙarfe tara.

Yaya Babba ya dubi farin kayan, ya dubi hannuwansa. In ya saki, Baba zai gangara baya. Ya ce wane irin wasa ne wannan, ta zo ta karɓe shi, yana da motar siminti da za a sauke.

"Yana hannunka, Yaya. Ka karɓa?"

Ya ce ba ta da kunya. Ya ce ita wace ce da za ta tsara masa rana. Ya ce wanda ya faɗi jarrabawa ba ya kafa wa mutane doka. Anti ta matso bakin ƙofa tana salati a hankali.

"Na faɗi," in ji Auta. "Ban taɓa musu ba. Na bar majiyyaci minti ɗaya, aka rubuta, aka kayar da ni, kuma daidai aka yi. Ku wata bakwai kuka bar naku. Ba wanda ya tsaya a kanku da alƙalami, shi ya sa kuke ganin kun ci."

Sai Baba ya motsa baki ya ce tafi.

Yaya Babba ya yi saurin cewa to ta ji, ita yake kira, ta tafi ta bar shi in ta isa. Auta ta sunkuya ta tambayi Baba sukari da yawa yake so ko kaɗan, ya ce kaɗan. Ta tambaye shi sunanta, ya ce Auta. Ta ɗago ta dubi yayanta, ba ta ƙara bayani ba, don ta ga ya gane. Fuskarsa ta canza. Karon farko ke nan da yake kusa da bakin mahaifinsa har ya ji abin da yake fita daga ciki.

Agogon ƙirjinta ya nuna bakwai da kwata. Daga gidan zuwa makaranta tafiyar rabin awa ce in an sami mota da wuri. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. In bai amsa ba ba za ta fita ba, ta san haka, shi ma ya sani. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru na minti ashirin, shekara ukunta su tafi.

Baba ya juyo da idonsa sama, ya sami fuskar babban ɗansa. Ya daɗe yana haɗa kalmar.

"Kar... ɓa."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, na karɓa.

Ta ce ba ta ji ba. Ya maimaita. Sai ta ajiye jakar, ta nuna masa yadda ake tura matashi a bayan majiyyaci kafin a saki hannu, da wanda ake sawa tsakanin gwiwoyi. Ta sa shi ya jingina kujerun da kansa. Ta cire agogon ƙirjinta, ta yi ɗan jim, ta mayar, ta ce yana da nasa a hannu. Ta rubuta lokaci a littafin ta miƙa masa alƙalami ya sa hannu. Ta durƙusa ta yi wa Baba sallama, ta fita. Saura minti shida takwas ta cika ta rubuta sunanta a rajistar Sista.

Abin da aka kasa tsarawa cikin wata bakwai, kwana biyu ya ɗauka. Ran Laraba an nemo wani dattijo da ya taɓa aikin asibiti yana zuwa da rana. Ɗinkin Yaya Tela ya sami hanyar jira ranakun Talata da Alhamis. Zuciyar Yaya Ƙarami ta yi ƙarfi, don Yaya Babba ya ce in ba ta yi ba shi zai ƙarfafa masa ita. Anti ta gano kunya ba ta hana riƙe cokali. Sun yi ta kiran wayar Auta a makon farko, wani da faɗa, wani da tambayar inda ake ajiye mai. Mai tambaya takan gaya masa shafin da zai duba. Mai faɗa takan ce tana bakin aiki.

Ranar gwaji aka ba ta wata tsohuwa da ba ta iya motsi, aka ce ta juya ta, ta canza mata zane tana kwance. Hannuwanta suka yi aikin kafin ta gama tunani. Da ta gama ta ɗaga ƙarfen gefen gado, ta kira abokiyar aikinta, ta karanta mata komai, ta tsaya har sai da ta ce ta karɓa. Sista tana ta rubutu, ba ta rufe alƙalaminta ba. Aka ce sakamako sai bayan wata guda.

Da ta dawo gida da jakarta, ƙarfe biyar na yamma, ta tarar da Yaya Babba a cikin ɗakin, ya naɗe hannun riga yana juya Baba. Ta gaishe su, ta wanke hannu, ta duba fatar. Akwai ɗan ja a ƙugun dama, bai buɗe ba. Ta nuna masa, ta buɗe littafin ta nuna masa ranar da aka tsallake juyi biyu. Ya ce ranar ta Ƙarami ce. Ta ce ai sunan wanda ya karɓa ne a ƙasa, kuma nasa ne.

Ya yi 'yar dariya ta borin kunya, ya buɗe baki zai kira ta da sunan nan, ya fasa. Ya ce to, Auta, ga ta ta dawo, sai a cire takardar nan daga bango kowa ya koma harkarsa. In kuma sakamako ya fito ta sake faɗuwa fa?

"In na faɗi zan nemi wata ƙofar in sake bugawa, Yaya. Ko na ci ko na faɗi, takardar nan tana nan. Suna ɗaya kawai za a ƙara."

Ta ɗauki alƙalami ta rubuta nata a ƙasan na huɗun, ta ba kanta ranakunta daidai da na kowa.

Yaya Babba ya koma kan aikinsa, ya tura matashi a bayan Baba, ya tura shi a karkace. Baba ya yamutsa fuska, ya dube shi, ya dubi Auta, ya ce ta fi.

"To kin ji," in ji Yaya Babba, "yau kika dawo har ya sake korar ki."

Baba ya girgiza kai. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna matashin, ya dangwali ƙirjin ɗansa da yatsa, ya ƙarasa maganarsa.

"Ta fi... ka."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta matso ta nuna wa yayanta inda matashin zai zauna, ta janye hannunta, ta bar shi ya gyara da kansa.